Saniyar Yumɓu

Iyatu ta sauke ƙwaryar nono a gindin darbejiyar da ke gaban aji ɗaya, ta cire gammo ta karkaɗe. Daga ruga zuwa nan tafiya ce mai ɗan nisa, amma wuyanta bai gaya mata komai ba. Kwanakin nan ba abin da yake mata ciwo. Ko ƙaya ta taka, sai ta ga jini take sani.

"Ga Fillo ta iso!" in ji ƙawarta Lauratu daga bakin murhu, tana fifita wuta da faifai. "Yau ma ruwa kika tsuga mana, ko kin ji tsoron Allah?"

Sai da maganar ta fita sannan ta tuna. Ta ajiye faifan, ta goge hannu a zane.

"Kai, ni da bakina. Sannu Iyatu. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya," in ji Iyatu.

Kowace shekara idan watan Mauludi ya kama, firamaren Gidan Yahuza takan yi walima, kuma ba gidan da yake zama bai sa hannu ba. Manoma su kawo shinkafa da wake, mahauta su yanka akuya, mutanen ruga su kawo nono. Samari sun share filin tun jiya, sun shafa wa duwatsu farar ƙasa, an aro lasifikar masallaci an ɗaure ta a jikin bishiya tana ta tari kamar tsoho. Bana kuma abu biyu aka haɗa, domin bikin raba kyaututtuka da ya kamata a yi kafin hutu bai yiwu ba, iska ta yaye rufin azuzuwa.

Da don ta Iyatu ne, da ba ta zo ba. Surukarta Dada ce ta ce ta tashi ta ɗauki ƙwarya, kada a ce rugar ɗanta Modibbo ce kaɗai ba ta kawo nono ba. Ta tashi ta ɗauka. Da an ce ta zauna, da zama za ta yi.

A cikin hutun nan zazzaɓin damina ya ɗauke Haisam, ɗanta na fari, ɗan aji biyar. To, ɗan fari kuwa kowa ya san yadda yake a wurinsu Fulani. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta cewa nata ne. Tun da aka yaye shi ya koma ɗakin Dada, ya zama yaron Dada. Idan Iyatu tana son ya ɗebo ruwa sai ta ce, "Kai, tulun can ba kowa a cikinsa," tana kallon wani wuri. Ranar da ya rasu ma ba ta yi kuka ba, mata suka yi ta yaba mata. Bayan addu'ar bakwai mijinta Modibbo ya tattara kayan yaron ya bayar sadaka, riguna da takalmin roba har da sandar kiwo. Ko hula ba a bar mata ba. Ita ma ba ta nema ba, da wane baki?

Tun da safe, kafin baƙi su iso, hedimasta Malam Barau ya sa aka yi wa yaron addu'a. Iyatu ta shafa tare da kowa, kamar ɗan wani gari ake yi wa.

Tana neman inda za ta ɗauraye ludayi ne ta bi ta gaban wani dogon tebur da aka shimfiɗa wa zane. Aikin hannun yara ne na zangon da ya wuce, wanda ya kwana a ofis duk tsawon hutu: mafitai, motocin kara, 'yan tukwane, igiyar rama. A can gefe an jera shanun yumɓu. Ta wuce su har taku kaɗan, sai ƙafarta ta tsaya da kanta.

Ɗaya daga cikin shanun ƙahonta na hagu ya sunkuya ƙasa. Ai ta san ta. A bayan ɗakinta yaron ya zauna ya gina ta, yana leƙen tsohuwar saniyarsu yana gyara ƙahon da yawu. Da ta bushe ya lallaɓo ya tura ta cikin tokar murhunta don ta gasu, yana zaton ba ta gani ba. Ita kuma ta ƙara itace, har tuwon ranar ya kama. Ga shatin babban yatsansa nan a kan tozon, inda ya danna.

Wani abu ya motsa a ƙirjinta, kaɗan, karo na farko tun ranar jana'iza. Tana son saniyar nan. Ba ta son komai a duniya sai ita.

Lasifika ta yi tari, muryar Malam Barau ta fito. "Iyaye, a saurara. Kowa ya duba aikin ɗansa a kan tebur ya ɗauka ya tafi da shi gida. Abin da ya rage za mu ba manyan baƙinmu tsaraba."

Mai kula da teburin wata sabuwar malama ce, Malama Zakiyya, da aka turo daga Dutse farkon zangon nan. Kullum daga unguwar Takur ta can take hawo mota zuwa Buji, ta hau babur ya ƙaraso da ita. Yarinya ce mai fara'a, sai dai ba ta san kowa ba tukuna, ba ta san ɗan wa ya mutu ba, ba ta san ɗan wa yake raye ba.

"Sannu Inna," ta ce. "Kin ga na yaronki? Wallahi wannan da kike kallo ta fi duka kyau. Ɗanki ne ya yi ta?"

Dab da teburin, a kan tabarma, tsofaffin matan ruga ne zaune, Dada a tsakiyarsu da carbi. Iyatu ba ta waiwaya ba, amma ta san sun ji. Kafin ta yi wani tunani bakinta ya riga ya ba da amsar da ya saba bayarwa shekara da shekaru.

"A'a, ba nawa ba ne. Yaron Dada ne."

"To ki gaya wa Dadar ta zo ta ɗauka, kada a riga ta."

Iyatu ta dubi tabarma. Dada ba ta ɗago ba, carbin ne kawai ya tsaya a hannunta. Tsohuwar nan ita ta goya shi, ita ta rufe masa ido, ko shimfiɗar da yake kwana a kai ba ta iya kallo yanzu.

"Accu," in ji Dada a hankali da Fillanci, wato ta bari.

Iyatu ta koma gindin darbejiya.

Aka yi ta biki. 'Yan aji uku suka yi waƙen yabon Annabi, 'yan mata sanye da fararen hijabai suna rangaji. 'Yan aji shida suka yi wasan kwaikwayo, wani ya manna gemun auduga ya faɗi a tsakiyar magana, fili ya kaure da dariya. Aka raba sabulu da fensir ga waɗanda suka yi zarra. Iyatu tana ta zuba nono a kofuna, hannu yana miƙowa tana cikawa, ba ta ganin fuskar kowa. Idonta yana kan tebur. Iyaye suna zuwa suna ɗauka, wani uba har ya ɗora motar kara a ka yana rawa da ita. Teburin yana ta raguwa, saniyar tana nan.

Ta yi shawara a ranta. Wa zai so laka? Za ta jira a watse, tsofaffi su kama hanya, ta zo kamar mai tattara shara ta jefa ta cikin ƙwarya ta rufe da faifai. Ba wanda zai tambaye ta, ba sai ta ce komai ba.

"Lauratu," ta ce.

"Na'am?"

Ta so ta ce ta ɗauko mata saniyar, ta ɓoye a zane. Sai ta fasa, ta ɗaga ludayi.

"Ludayin nan naki ne?"

"Naki ne mana. Ke dai ci wani abu, tun safe ban ga kin kai loma ba."

Ana cikin rabon abinci babbar baƙuwa ta iso a makare, Hajiya Amatullahi, 'yar garin ce da take aiki a Dutse, ita ta sayi kwanon da aka mayar wa azuzuwa. Ta zo da 'yarta ƙarama mai takalmi mai walƙiya. Aka yi jawabi, aka yi godiya, aka ɗauki hoto. Daga nan Malam Barau ya zagaya da su wajen tebur. Yarinyar ba ta dubi mafici ba, ba ta dubi tukunya ba, kai tsaye ta kai hannu kan saniyar.

"Momi, wannan nake so."

"Ai kuwa kin iya zaɓe," in ji Malama Zakiyya. "Mai ita bai zo ba, ɗauki abinki."

Iyatu ta ga lokacin da aka ɗauka. Nono ya cika kofin da ke gabanta ya zubo a kan yatsun wani yaro, yaron ya ce, "Inna, ya isa!" Ta ajiye ludayin a ƙasa, cikin turɓaya.

Ba ta san ta taso ba. Ta dai ga kanta tana ratsa yara, ta wuce tebur, ta wuce tabarmar su Dada, waɗanda su ma sun miƙe don sallamar baƙuwa. Direba ya riga ya tayar da mota, yara sun kewaye ta suna taɓa gilashi. Yarinyar tana kujerar baya, ta riƙe saniyar ta ƙaho tana lilo da ita.

Iyatu ta tsaya a bakin taga. Hajiya ta sauke gilashi.

"Baiwar Allah, lafiya?"

Dada tana bayanta, kusa ƙwarai, har tana jin numfashinta. Modibbo yana can cikin maza, shi ma ya juyo.

"Saniyar nan," in ji Iyatu. Muryarta ta fito a bushe. "Ɗana ne ya yi ta."

Wata tsohuwa ta ce, "Subhanallahi."

"Allah sarki! Ɗanki ne?" Hajiya ta washe baki, ta jawo jakarta. "Kai, yaron nan yana da hannu. Wanne ne a cikinsu? Kira mini shi in sa masa albarka, ba zan tafi ban gan shi ba."

Lauratu ta taho da gudu daga wajen murhu tana ɗaga hannu, amma yara sun tare hanya.

An ce ta kira shi. Iyatu ta juya ta fuskanci filin makaranta. Ga yara nan fal, cikin kayan makaranta kore da fari, wasu da shinkafa a hannu, wasu a kan taga, 'yan aji biyar sun taru a inuwar ajinsu. Ta buɗe baki.

"Haisam!"

Ashe sunan ba shi da nauyi ko kaɗan. Ya fita ya ratsa filin har bangon aji shida.

Yaran suka yi tsit. Mai dariya ya bari, mai tauna ya tsaya. Hajiya tana ta leƙe tana murmushi, tana jiran ta ga wanda zai taso, har Lauratu ta iso ta sunkuya ta yi mata raɗa. Murmushin ya tafi. Ta juya ta zare saniyar daga hannun 'yarta, ta miƙo ta taga da hannu biyu.

"Karɓi, 'yar'uwa. Don Allah ki yafe mini. Karɓi."

Iyatu ba ta juyo ba. Tana kallon inuwar aji biyar, tana jira a amsa.