Jarkar Inna Dado

Tun da aka turo Madam Safiya daga Damagaram zuwa wani ƙauye a arewacin Belbeji, yaran ajinta suka haɗe kai a kan abu guda: ba sa rubuta sifili. In ta ce su rubuta ɗari da biyar, sai su rubuta 15, su ɗaga allunansu suna murmushi.

"Madam, ai gidan gommai babu kowa," in ji Aghali, mai bakin ajin. "Don me za mu ɓata alli a kan babu?"

Ta yi bayani da Faransanci, ta maimaita da Hausa, har ta zana gidaje uku a allo. Konseye, jami'in da ke zagayen duba malamai, ya riga ya faɗa mata cikin ladabi cewa in ya dawo ya tarar da haka, kwantiraginta ba zai ga baɗi ba.

Wata safiya ta je famfo. Jarkoki sun yi layi, masu su kuwa suna can gida suna daka. Da layi ya matso, ta ga saura wata tsohuwar jarka mai faci a gabanta, ba ruwa ba mai ita, sai ta sa ƙafa ta ture ta gefe ta matsa gaba.

"Ke 'yar birni!" Inna Dado ce, tsohuwar da ko maigari yake kauce wa, ta ɓullo daga bayan zana. "Wa ya ce ki taɓa min jarka?"

"Yi haƙuri, Inna. Na ga ba komai a ciki."

"To da ruwa a cikinta me zai kawo ta layi? Wurina take riƙe min! Kin ture ta, ga ki ta biyu kin zama ta ɗaya. Haka kuke koya wa yara a lakwal ɗin taku?"

Safiya ta sha faɗan har ƙarshe, kuma faɗan yana da tsawo. Washegari ta shigo aji da jarkoki uku. Ta jefa tsakuwa ɗaya a ta ɗaruruwa, biyar a ta ɗaiɗai, ta bar ta tsakiya wayam. Sannan ta kai hannu za ta ɗauke ta. Ajin ya kaure da ihu.

"Kar ki taɓa, Madam! Ta gommai ce, mai ita za ta dawo!"

Da konseye ya zo, yara suka rubuta 105 da sifili ƙato kamar bakin rijiya. Ya gyaɗa kai ya ce wannan ita ce dabarar da ya daɗe yana ba malamai shawara a kai. Safiya ta yi masa godiya, tunda shi ke sa hannu.

Da la'asar ta kai wa Inna Dado sukari da ganyen shayi, ta durƙusa ta ce ta gode. Tsohuwar ta auna ƙullin a tafin hannu, ta dube ta sama da ƙasa.

"Allah ya yi albarka, 'yar nan. Amma in don layi ne, gobe ma a bayana kike."