Ni Ce, Ba Ni Ne Ba

Ɗan takara ɗaya ne a zaɓen shugaban ƙasa na 1965, kowa ya san haka a Dogon Dutsi. Shi ya sa da Mani, sakataren jam'iyya na garinmu, ya zo gidanmu ya ce za a yi muhawara ranar kasuwa, na zaci kunnena ne bai ji daidai ba.

"Muhawara da wa, Kawu?"

"Da ke, Habsatu."

Ya zauna ya warware mini. Wai wani babban ɗan jam'iyya ne zai zo daga Yamai, Mushe Mahmuda (Mushe shi ne Malam a bakin Faransawa), wanda ya yi karatu a Faransa, can kuma ya ga zaɓe ba ya cika sai mutum biyu sun tsaya gaban jama'a sun yi jayayya. Shi zai tsaya wa shugaba. Saura wanda zai tsaya ɗaya gefen. Mani ya zaga gari kwana uku, duk namijin da ya tunkara sai ya tuna yana da aiki a gona.

"Namiji in ya tsaya can, gobe gardin gwamnati su zo mishi," in ji shi. "Ke ko ɗiya ce. Kowa ya san wasa ne."

Shekarata goma sha tara a lokacin, ni kaɗai ce mace mai koyarwa a lakwal, makarantar bokon garin, yara suna ce mini Madam. Tun ina aji babu wanda ya taɓa kayar da ni a gardama. Na ce na yarda tun kafin babana, Idi, ya buɗe baki.

Mani ya ba ni takardar da Mushe Mahmuda ya aiko, ya ce abin da ke ciki kawai zan karanta. Magana uku ce. Hanyar mota ta yi faɗi da yawa. An cika buɗe makarantu, wa zai yi kiwon awaki? Tutar ƙasa tana saurin koɗewa a rana. Na karanta sau biyu, na tambaye shi ko akwai wata takardar da ta faɗi a hanya. Ya ce babu.

Ranar kasuwa gero ya fara nuna, mutane sun shigo tun daga Kiéché da Kore Mairuwa. An ajiye teburi biyu a ƙarƙashin gawo, an kira mai goge ya tara jama'a. Mushe Mahmuda ya tashi cikin kwat baƙa, ya ɗaga yatsa, ya shiga zuba Faransanci mai dogayen jimloli, na ɗaya, na biyu, har na bakwai. Abdu maroƙi aka sa ya fassara. Abdu bai san Faransanci ko na gaisuwa ba, don haka duk inda Mushe ya tsaya shan iska sai ya ɗaga murya ya ce, "Ya ce a gode Allah!" Jama'a su ce amin. Wani mai shanu da ke kusa da teburina ya tambaye ni ko shari'ar aure ake yi, kuma wane ne mijin.

Na karanta maganata ta farko, Mushe ya rushe ta. Na karanta ta biyu, ta awaki. Sai ya juya ga jama'a, ya sauko Hausa a karon farko.

"Kun ji ko? Ga amfanin sa ɗiya mace lakwal. Karatu ya shiga, hankali ya tsaya bakin ƙofa."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Maganar da ya rubuta da hannunsa ce yake yi mini gori a kanta. Na hango 'yan ajina mata huɗu a gindin gawo, sun sunkuyar da kai.

Na ninke takardar na ajiye. Na fito daga bayan teburi, na goya hannuwa a baya, na riƙa kai da komo yadda malaminmu na Faransanci yake yi idan zai kama mai ƙarya. Kowace magana sai na faɗe ta da Faransanci don Mushe, sannan na juya ta Hausa da kaina, don kada Abdu ya mai da ta godiya. Na tambaye shi, ɗan kokawa idan ya shiga fage shi kaɗai, wa ya kayar? Na ce ai ya lissafa abu bakwai da gwamnati ta yi, to rijiyar unguwarmu da ta rufta shekara biyu, ita ce ta nawa? Na ce matan da yake wa dariya su ke tafiya bayan dutse ɗebo ruwan da aka wanke masa kwat da shi. Ya ce, "Madmazel..." Na ce bai gama amsa ta farko ba. Muryata ta dishe, ta yi kauri, ban daina ba.

Dariya ta ɗauke. Na zaci hujjata ce ta kama su. Sai na ji gogen ya canza kiɗa.

Gwaggona Ajuma, yayar babana, tsohuwar 'yar bori ce. Ta ratso taro ta tsaya gabana, ta buga ƙafa a ƙasa, ta sara mini kamar soja.

"Sannu da sauka, Kumandan!"

"Gwaggo, mene ne haka?"

"Babule ne!" wata ta yi kururuwa daga baya. "Babule sun hau ɗiyar Idi!"

A Arewa babu wanda bai san Babule ba, iskokin da ke taku irin na soja suna magana da harshen Nasara. Tsofaffi sun ce tun zamanin Turawa, in suka hau mutum yakan tsaya gaban mai mulki ya faɗa masa abin da ba a faɗa. Sun ga mace tana taku, hannu a baya, tana tsawa da Faransanci a gaban mai kwat. Wasu suka durƙusa, wasu suka gudu da kwandunansu. Abdu ya rasa wanda zai yi wa kirari, ya yi mana ni da Mushe tare. Mai shanun nan ya ce ai dama ya san auren ba zai yi ba. Ina cewa ku tsaya, ni ce, Habsatu ce, aka yafa mini jan zane a ka.

Washegari aka kira ni zauren Mani. Mushe Mahmuda yana zaune da takarda da alƙalami, zai rubuta rahoton da zai kai Yamai. Gwaggo Ajuma ta biyo ni ba tare da an gayyace ta ba.

Mani ya ja ni gefe tun a ƙofa. "Ɗiyata, ki ji da kyau. In iska ne, babu laifin kowa. Wanda iska ya hau ba a tuhuma tai. In ke ce kinka yi maganar ga, adawa ce, ajinki ya tahi, ni ma da na zaɓe ki na tahi. Ki ce ba ki tuna komi ba."

"Na tuna komai, Kawu."

"To ki manta."

Mushe bai ɗago ya dube ni ba. Ya tambaya da Faransanci, a hankali, wa ya yi magana jiya. Na gane ya sani sarai. Mutumin da ya zauna Faransa ya san bambancin iska da yarinyar da ta iya nahawu. Amma in iska ne ya kayar da shi, babu kunya a ciki. In ni ce, har Yamai za a ji.

Na amsa da Hausa. "Ni ce."

"Kun ji!" in ji Gwaggo. "Bai sauka ba har yanzu."

"Gwaggo, ki saurara. Kumandan namiji ne ko? Da shi ne, cewa zai yi ni ne. Ni ce na ce. Ni ce, ba ni ne ba."

Mani ya share gumi. Na ga Gwaggo tana juya maganar a kanta, na ce yau dai na ci. Sai ta tafa hannu.

"Af! Ashe ba shi ne ba, matatai ce ta zo. Madam ce! Shi ya sa ta yi zancen ruwa. Namiji ina ya san ruwa?"

Mushe Mahmuda ya rubuta da sauri. Na leƙa, na ga ya sa cewa malamar ta yi rashin lafiya a fage, muhawara kuma ta ƙare da nasara. Na ce ya goge. Na maimaita masa jawabin tun daga ɗan kokawa har zuwa kwat, kalma da kalma, don ya ga a kaina yake. Ya busa tawadar ta bushe, ya ce Allah ya ƙara sauƙi.

Ba a kore ni ba. Na sha tunanin da korar aka yi da ta fi sauƙi, don wanda aka kora an yarda ya yi magana. Da aka koma lakwal, iyaye biyu suka cire 'ya'yansu daga ajina. Liman ya daina amsa gaisuwata da suna. Mata suka riƙa zuwa da jan zakara da turare, suna so Madam ta duba musu ciwon baya, ko ta faɗi inda miji ya shiga a Ikko. Kowace na ce mata ni Habsatu ce ɗiyar Idi, alli kawai na iya riƙewa. Su ce to, Madam, su ajiye zakaran su tafi. Babana ya yi wata biyu bai ce mini komai a kan zancen ba, ran nan ya ce, "Ke dai kin tabbata?" Wannan ta fi zakarun zafi. Na ce na tabbata, Baba. Na ɗaura ɗankwalina na tafi aji, kamar kullum, ta tsakiyar kasuwa.

An yi zaɓe, wanda ake tsammani ya ci. Bayan an gama yankan gero sai ga masu haƙa a unguwarmu da siminti a kan jakuna. Na tari Mani a bakin ramin na tambaye shi daga ina.

Ya waiwaya ya ga babu kowa kusa. "Don 'yar adawa ba a gina rijiya. Amma abin da iska ya roƙa gaban kasuwa, wa ka iya hana shi ya kwana lahiya? Jama'a sunka matsa mini, ni kuma na matsa sama." Ya dube ni. "Har yanzu ke ce?"

Na dubi ramin, ya kai gaba huɗu, ƙasar da ake fitarwa ta fara danshi.

"Ni ce, Kawu."

"To ki riƙa faɗi," ya ce. "Babu mai yarda."

Ranar da ruwa ya fito, Gwaggo ta yanka zakara, aka raɗa mata Rijiyar Madam. Da yamma na je da tuluna. Fati, ɗaya daga cikin 'yan ajina da suka sunkuyar da kai ran nan, tana jan guga. Ta karɓi tulun ta cika mini, ta tsaya tana murza igiya.

"Madam, wai sunanki anka sa ma rijiyar ga, ko na waccan?"

"Ke da kika ji ni a gindin gawo, wa kika gani?"

"Ke na gani. Haka kike yi muna in ba mu yi aikin gida ba."

Na ce ta taya ni. Ta ɗora mini tulun, ruwan ya zubo mini a wuya, na bi ta gaban zauren Mani zuwa gida.