Bututu a Idon Mai Aski

Likita ya ce an yi nasara, shi kuwa maigidana wannan kalmar kaɗai ya tsinta ya sa a aljihu. Sauran bayanin ni aka bar wa.

Hawan jinin ido ne. Ya cinye na hagu tun ba mu farga ba, ya koma yana gutsurar na dama ta gefe-gefe, har ya zama bawan Allahn nan yana ganin duniya kamar mai leƙe ta hudar labule. Da maganin ɗigawa ya gaza, suka dasa masa wani ɗan siririn bututu a idon, wai ya riƙa fitar da ruwan da ke taruwa. Ina zaune likitan ya faɗa da bakinsa: abin da ya tafi ya tafi, bututun gadin ragowar kawai zai yi. Amma ina! Mutumin da tun yana saurayi aski ne sana'arsa, wa zai ce masa ya zauna a gida?

Da idon ya daina ja, ya ce sai an buɗe shago. Na lallaɓa, na yi faɗa, har kuka na yi.

"Ke likita ce?" in ji shi. "An ce an yi nasara."

To, ni na raka shi. Na kaɗe ƙura, na goge madubi, na zauna a benci da maganinsa a jaka.

Jama'a sun zo, ba laifi. Sannu da jiki, barka da arziki. Sai dai duk wanda ya leƙo, kansa fes, ya riga ya yi askinsa a wani wuri. Tun kafin aikin labari ya zaga cewa hannunsa ya fara kuskure. Kowa sai ya gaishe shi daga bakin ƙofa ya sulale, shi kuma yana tsaye bayan kujera da tawul a kafaɗa yana ta murmushi. Wallahi da ma zagina suka yi, da ya fi min sauƙi.

Da yamma Dogo ya shigo, telan da ke kusa da mu, abokinsa tun ƙuruciya. Ya dube shi, ya dubi kujerar da ba kowa, ya cire hula.

"Matarmu, sannu da gadi," ya ce da ni. "Kai kuma zo ka sare min wannan dajin. Tun da ka tafi na hana kowa kaina."

Na harare shi, na girgiza kai. Ya yi kamar bai gan ni ba.

Da kilifa, injin aski, komai ya tafi daidai, har na fara jin kunyar kaina. Sai maigidana ya ɗauko reza zai gyara gefe. Ina kallo ta sauka a saman kunnen Dogo. Jini ya gangaro masa wuya, ya shige cikin kwalar riga. Ko motsi Dogo bai yi ba, ya ci gaba da labarin wata mata da ta kawo masa ɗinki. Da aka gama ya tashi, ya dubi madubi, ya ce, "Kai, hannu na nan yadda yake!" Ya kifa hula, ya dafe kunne kamar mai sosawa, ya fita da sauri.

Ina neman ta inda zan fara faɗa wa maigidana, don gobe ɗan wani za a kawo masa aski. Shi kuma ya juya min baya yana ta goge rezar, ya ƙi ajiye ta.

Can ya ce, "Jinin da yawa ne?"



"Na ji ɗuminsa a yatsana," ya ce. "Na duba, na sake dubawa, ban ga wurin ba."

Ya laluba aljihu ya ciro makullin shagon, ya ce in rufe mu tafi gida. Ya miƙo min shi, sai dai ba inda nake tsaye ya miƙa ba.