Tsohon Sirdin Sylvanus

Sylvanus ya riga ya zura makulli a kwaɗon kafin idonsa ya faɗa kan sirdin kekensa. Ya tsaya a sunkuye, hannu ɗaya riƙe da sarƙar. Wannan ba sabon sirdinsa ba ne. Tsohon ne, mai tsaga a gefen hagu, wanda shi da kansa ya naɗe da baƙin salatif shekarar da ya fara aiki a kamfanin robobin nan na Kudenda.

An tashi daga aikin safe, ma'aikata na ta fitowa, rana ba ta ko yi sanyi ba. Keken na nan inda ya ɗaure shi jikin turken ƙarfe, tsakanin kekunan mutane. Kwaɗon a kulle yake.

Ya bi keken da ido a hankali. Giyar sauya gudun da ya sa saboda ciwon gwiwarsa, babu ita. Sababbin ƙafafun nan marasa nauyi, babu su. Birki da feda ma an kwance. Amma ba a bar keken tsirara ba. Duk abin da aka cire an mayar da tsohonsa, kuma tsofaffin nasa ne, har da fedar da ta karkace ranar da ya faɗa kwata. Ya matsa birki, ya ji ya kama daidai, da ɗan sassauci a dama kamar yadda yake so. Har mai aka ɗiga wa ko'ina.

Ya daɗe da tsoron ɓarawo. Tun da ya fara sauya kayan keken ɗaya bayan ɗaya yake shafe su da baƙin mai, yana naɗe su da tsohon tub don kada su ɗauki ido. Ya sha kwatanta ranar da zai fito ya tarar da turken wayam. Irin wannan kam bai taɓa zuwa masa a rai ba.

Ya tsallaka wurin Mama Phoebe, mai sayar da shinkafa da wake a ƙarƙashin lema daura da turken.

"Mama, wa ya taɓa keken nan?"

"Wa kuwa zai taɓa? Ba kai ka zauna kana ta kwance-kwance tun hantsi ba?"

"Ni ina ciki tun safe. Ko hutun abinci ban fito ba."

Ta ajiye cokalin da ke hannunta. "Rigar kamfani ce a jikinsa, da irin hularka. Baya ya ba ni. Ya ce, 'Mama, yaya kasuwa, yaya ƙafar?'" Ta ƙura masa ido. "Kai kaɗai ke tambayata ƙafar nan, Sylvanus."

Ya hau keken ya kama hanyar Makera. Tsohuwar ƙarar nan ta dawo, ƙiiƙ, ƙiiƙ, duk juyin feda, kamar watannin da suka wuce mafarki ne. Duk mai shuɗiyar riga irin ta kamfani da ya gani a bakin titi sai ya waiwaya.

Malam Garba mai gyaran keke na zaune a rumfarsa yana liƙin tub. Shi ya ɗaura sababbin kayan, kuma a wurinsa Sylvanus ya bar tsofaffin cikin buhu.

"Ai ƙaninka ya zo ya kwashe su makon jiya," in ji shi. "Ya ce ka ce za a haɗa keke a aika gida."

"Malam, ba ni da ƙane a garin nan."

Malam Garba ya sauke tub ɗin. "To wane ne?"

"Kai zan tambaya. Yaya kamanninsa?"

"Ba dogo ba ne, ba kuma..." Ya shafa haɓa. "Ikon Allah. Nan ya zauna kan bencin nan, muka yi hira. Na kasa tuno fuskarsa. Amma ya san ka fa. Shi ya gaya min 'yarka Gloria ta warke daga zazzaɓin."

Sylvanus bai yi sallama ba. Ya taka keken da dukkan ƙarfinsa, gwiwar na zafi bai kula ba, yana kiran lambar matarsa Rhoda da hannu ɗaya. Wayar na ta shiga, ba a ɗauka.

Ya same ta a tsakar gida tana yanka alayyahu, wayar na caji a ɗaki. Gloria na kwance kan tabarma tana aikin makaranta. Ya jingina da bango har numfashinsa ya daidaita.

"Baban Gloria, lafiya? Ka samu makullin?"

"Wane makulli?"

"Na biyun na kwaɗon kekenka. Abokin aikinka ya zo da safe, ya ce ka jefar da naka. Har ya dawo da shi da azahar, ga shi can kan talabijin."

Sylvanus ya leƙa falo. Makullin na nan. A kan teburi akwai kofin ƙarfen da shi kaɗai ke shan ruwa da shi, da sauran ruwa a ciki.

"Ya shigo nan?"

"Rana ta yi zafi, na ce ya zauna ya huta. Mutumin kirki ne, ba ya son surutu. Ko nuna masa kujerarka ban yi ba, can ya nufa." Wuƙar ta tsaya a hannunta. "Me ya faru? Ba kai ka aiko shi ba?"

Ya dubi yarinyar, ya dubi matarsa. Ya rage murya. "Me kuma ya ce?"

"Ya ce gobe zai biyo ya karɓar maka fitilar."

Fitilar keke ce mai caji. Jiya da yamma ya saye ta a hanyar dawowa, ya tura ta ƙarƙashin gado a cikin kwalinta. Ko Rhoda bai nuna wa ba tukuna.

Ya shiga ɗaki ya durƙusa. Kwalin na nan, ba a buɗe shi ba. Ya daɗe riƙe da shi. Ya yi tunanin 'yan sanda, ya yi tunanin abin da zai ce musu idan suka tambaye shi kamannin mutumin. Ya tuna gobe yana da aikin safe, Gloria kuma ba ta koma makaranta ba tukuna tun zazzaɓin, ita da uwarta ne za su yini a gidan.

Ya fito da kwalin a hannu, ya wuce Rhoda da ke tsaye tana jiran amsa. A ƙofar gida layin shiru, sai wata mata da ke kwashe shanya daga nesa. Ya ɗora kwalin kan dakalin da ke waje, ya gyara masa zama inda duk mai zuwa zai gan shi ba sai ya ƙwanƙwasa ba. Sannan ya koma ciki, ya ja ƙofar, ya sa sakata tun rana ba ta faɗi ba.