Ko Cikin Gwaggo Ya Zauna

Ina shiga gidan maƙwabcina na ci karo da Auta tana fitowa daga ɗakin mahaifinta, rungume da fanka, wayar tana jan ƙasa.

"Ina za ki kai ta a wannan zafin?" na ce.

"Wajen Gwaggo. Shi ya ce."

Gwaggo saniya ce. Maƙwabcin nawa Baba Direba, mahaifin Auta, shi ya raɗa mata sunan, wai harararta sak ta ƙanwar mahaifinsa. Da ya ajiye tuƙin babbar mota ya saye ta tana karsana, ya kafa mata rumfa a jikin katangar da ta raba mu. Ni tela ce, kuma ban taɓa ɓoye cewa ba na son dabbobi ba. Shekara da shekaru ina ɗinki da warin kashinta a hancina. Da safe mu yi cacar baki ta saman katanga, da yamma ya aiko min da madara.

Na same shi a kwance, ƙafafunsa sun kumbura, gumi ya jiƙa matashin kai. Ciwon zuciya ne ya kwantar da shi, asibiti kuma sun sallamo shi da magunguna da 'yan kalmomi masu taushi.

"Baba, kai ne marar lafiya ko saniyar?"

"Zauna, Tela, ki daina min ihu a ka," ya ce yana haki. "Makon jiya likitar dabbobi ta yi mata baye, ta sa mata irin bijimi. Abin da ke cikinta yanzu bai kai tsinin allurarki ba. Bai ma kama mahaifa ba, yawo yake yi. Zafi ya yi mata yawa, ko wani abu ya firgita ta, sai ya bi ruwa ba wanda ya sani. Ni kuwa na saba da zafi, a gaban inji na tsufa."

Na san abin da ke cin ransa. Sau biyu a jere ciki ya ƙi zama a jikin Gwaggo, nono kuma ya ƙafe. Babban ɗansa, wanda ke aiki a wani gari, ya ce idan wannan karon ma bai zauna ba, sai mahauci. Ba mugunta ba ce. Auta ita kaɗai ce a gidan, ba za ta iya jinyar tsoho da ta saniya ba. Baba ya amince don ba shi da ƙarfin musu, amma tun ranar idonsa ya faɗa.

Dokoki suka fara fitowa daga kan gado. Kada a buga ƙofar gida. Kada a canza wa Gwaggo abinci. Har ni doka ta hau kaina, wai in janye keken ɗinkina daga jikin katanga. Na yi mita son raina, sannan na janye.

Ya kuma ba ni aiki, tunda tagar ɗakina ta fi kusa da rumfar. Ya ce idan cikin bai zauna ba, wajen mako uku da yin baye saniya za ta soma kuka, ta kasa tsayuwa wuri ɗaya, tana neman bijimi. Idan ta yi shiru, akwai sa rai. Haka na zama mai sauraren saniya da girmana. Kullum da hantsi in leƙa ɗakinsa.

"Ta yi kuka?"

"Ba ta yi ba. Kai ka sha maganinka?"

"Ke dai ki kasa kunne."

Wata safiya ina yankan yadi sai na ji ta saki kuka mai tsawo. Na yar da almakashi, har na yi mamakin kaina. Na fita ko takalmi babu. Ashe bokitin ruwanta ta kifar, ƙishirwa ce kawai. Na cika mata, na tsaya ina zaginta a hankali don kada ta firgita. Ranar na gane na tsorata ne saboda ban san da bakin da zan gaya masa ba.

Mako na ukun ya wuce Gwaggo shiru, amma jikin Baba yana ta ja baya. Ya sa Auta ta kira likitar dabbobi a waya ta zo da na'urar hoton ciki. Likita ta ce da sauran lokaci, yanzu ba abin da za a gani, sai mako mai zuwa.

"Mako mai zuwa," ya maimaita, ya ɗan yi murmushi. "To, kwa gani." Ya juyo gare ni. "Tela, kada ki bari a ɗora ta a mota ba a duba ba."

"Kai za ka hana da kanka."

"Ke dai kin ji."

Washegari da rana tsaka, Auta ta fita ɗumama masa ruwa, ta dawo ta tarar ya cika. Na yi kuka fiye da yadda na zata. Da gida ya cika da masu ta'aziyya, ni a lungun baya na yini, ina mayar da yara da masu babura daga wajen rumfa. Na ji wata tana tambaya ko lafiyata ƙalau.

Da mutane suka watse, babban ɗan ya so ya kammala komai kafin ya koma aiki. Da safe na ga mahauci a ƙofar gida, zaune a kan babur. Na yafa gyale na shiga.

"Ba hana ka zan yi ba," na ce masa. "Gidanku ne, saniyarku ce. Amma ya bar min magana, a duba tukuna."

"Yaya Tela, sau biyu fa ana dubawa," ya ce. Idanunsa sun yi ja don rashin barci. "Kullum ba komai. Baba ne ya sa wa ransa kawai."

"To a yi na uku, ka sallame ni."

Ya ciro waya ya kira likita.

Likita ta iso kafin azahar, 'yar gajeriya mai saurin magana. Ta zura doguwar safar hannu har kafaɗa, ta miƙa wa Auta ɗan allon na'urar, ta ce wa babban ɗan ya ɗaga wutsiya ya riƙe da kyau. Ya riƙe, sanye da farar rigarsa, yana kawar da kai, ita kuma ta tura hannu da kan na'urar cikin saniyar. Allon ya yi ta nuna toka-toka, ba abin da na fahimta. Can sai wata baƙar da'ira ta bayyana, a gefenta ɗan abu kamar ƙwayar wake.

"Tsaya," in ji likita. "Ga ɗan tayin nan. Kun ga wurin da yake ƙyaftawa? Zuciyar ke nan."

Auta ta toshe baki. Babban ɗan ya leƙo. Ya daɗe yana kallo.

"Ranar da ya rasu," ya ce a hankali, "tana bugawa?"

"Ta riga ta fara," in ji likita.

Ta zare hannunta, ta tafi bakin famfo. Gwaggo ta ci gaba da tuƙa, ƙuda na yawo a kunnenta. Shi kuwa yana tsaye a bayanta, har yanzu bai saki wutsiyar ba.