Rigar Caja

A gidanmu kayan wuta ba sa samun sakat, saboda mutum biyu, Baba da Mama. Baba ya yi ritaya daga aikin kashe gobara, amma aikin ya ƙi sakinsa. Duk fulogin da ya gani a soket sai ya zare shi. Kana cikin guga ka je shan ruwa, kafin ka dawo dutsen ya huce. Mama kuwa tela ce, kuma a wurinta duk abin da ba shi da riga tsirara yake. Talabijin na da riga, rediyo na da riga, firji na da mayafi mai leshi a baki, har tukunyar gas ta ɗinka wa siket. Ni ce autarsu, ni kaɗai na rage a gabansu, don haka ni nake shan wannan fama safe da yamma.

Kaji nake kiwo a bayan gida, wasu jajaye masu gashi a ƙafa, waɗanda na daɗe ina tara irinsu. Wata rana da tsakar rana karen maƙwabta ya faɗa akurkin, kafin a kore shi ya gama da su kaf, har da zakaran. Na yi kuka kamar ƙaramar yarinya, ba na jin kunyar faɗa. Abin da ya rage mini na irin nan shi ne ƙwan da na tara a kwando. In sun ƙyanƙyashe, kajina sun dawo. In suka huce, shi ke nan, iri ya ƙare.

Wata ƙawata ta ara mini injin ƙyanƙyasa, ɗan akwati mai murfin gilashi da ke riƙe ƙwai da ɗumi. Wutar unguwarmu kuwa ba ta da alƙawari, ta zo yanzu, ta tafi anjima. Sai na haɗa injin da batir da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, na kuma samo caja irin wadda in batir ya cika take tsayawa da kanta, in ya ragu ta ci gaba. Na kira mai gyaran wuta ya zo ya kafa ta.

Tun bai ajiye jakarsa ba Mama ta buɗe masa kabad ɗin ƙarƙashin bene.

"A nan za ka cusa su, kai da batirin," in ji ta. "Ba na son tarkacen wayoyi a idon baƙi."

"Mama, a yi haƙuri," in ji mai wuta. "Batir in yana caji iska yake fitarwa, irin mai kamawa da wuta. A rufe shi a kabad, ƙyas ɗaya ya isa."

"Gaya mata dai!" in ji Baba, har da gyara tsayuwa.

Aka tsayar da shawara a kan lungun baranda, kusa da taga, inda ruwa ba ya fesowa kuma nesa da kicin. Mai wuta ya ɗora batirin a kan katako, ya kafa cajar a bango, can gefe, don kada tururin batir ya riƙa dukanta. Ya duba rubutun jikinta ya tabbatar ƙarfinsu ɗaya da batirin. Ya cire zobensa ya jefa a aljihu, ya goge kawunan batirin har suka yi ƙyalli, ya sa fis, mai yanke wuta in ta yi yawa, a jikin jar waya dab da batir. Bai yarda ya kai fulogi soket ba sai da ya ɗaure jar waya a kan mai alamar ƙari, baƙar a ɗaya kan, ya ja kowacce ya ji ba ta motsi. Baba na tsaye a kansa yana gyaɗa kai, sai ka ce shi ya koya masa. Har bokitin yashi ya kawo ya ajiye a gefe, ba wanda ya roƙe shi.

Komai na tafiya lafiya lau, sai mai wuta ya kunna cajar. Jar fitila ta kama, ƙaramar fankar cikinta ta fara juyi.

"To, Anti, abu biyu," ya ce da ni. "Kada a rufe waɗannan ramukan, ta nan take numfashi. Kuma kada a zare ta daga soket. In fitilar ta koma kore, ta ƙoshi, ita za ta kashe kanta."

Na kalli Mama, na kalli Baba. Na san na shiga uku.

"Yaro," in ji Baba, "na yi aiki har gashina ya yi fari, ban taɓa ganin abin da ya kashe kansa ba. Duk gidan da muka je muka tarar da toka, cewa suke yi ai ba komai, mun bar shi a jone ne kawai."

"Baba, wannan ta zamani ce."

"Wutar ma ta zamani ce?"

Mai wuta ya yi dariya ya tattara kayansa ya gudu, ya bar ni da su.

Washegari na tarar da fulogi a ƙasa. Na mayar. Da la'asar na sake tarar da shi a ƙasa, an naɗe wayar tsaf an rataye a ƙusa, don ma a nuna mini aikin mai hankali ne. Na yi bayani da lallashi, na yi da zane a takarda, na kira mai wuta a waya ya maimaita masa. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce ya gane, na juya baya ya zare. Mama kuma ta yafa wa cajar wani ƙyalle mai furanni. Na yaye shi, ta yi kicin-kicin da fuska ta ce ƙurar titi za ta kashe abin, kuma yaran yanzu ba su san darajar kaya ba. Kai jama'a! Ƙwai na cikin inji suna neman ɗumi, ni ina waje ina gadin soket.

Ranar da abin ya kai ni bango, an ɗauke wuta tun hantsi. Ina wanki na ji inbata na ƙara, ƙiii, ƙiii, sai ta yi shiru. Na rugo da kumfa a hannu. Batir babu komai a cikinsa, fulogi na rataye a ƙusarsa, fitilar injin ta mutu. Na lulluɓe injin da bargo, na dafa ruwa na cika kwalabe na jera a gefensa. Allah ya taimake ni aka dawo da wuta kafin ƙwan su huce.

Na sami Baba a falo yana karatun jarida, ko a jikinsa.

"Baba, so kake su mutu?"

"Su wa?"

"Ƙwaina! Su kaɗai suka rage mini! Kare ya cinye iyayen, kai kuma za ka ƙarasa 'ya'yan!"

Ya sauke jaridar a hankali. Ban taɓa ɗaga masa murya haka ba, amma raina ya riga ya ɓaci, bakina ya ƙi tsayawa.

"Ka yi mini alƙawari. Ba za ka sake taɓa cajar nan ba. Ba ita ba, ba wayarta ba, ba komai da ke jikinta ba. Ko da ɗan yatsa."

"Ko me na gani?"

"Ko me ka gani! In ka ga wani abu, ga waya, kira ni."

Ya kalle ni. "Na yi alƙawari, Auta," ya ce, ya ɗaga jaridarsa ya rufe fuska.

Kowa ya san Baba da magana ɗaya. Daga ranar bai sake kai hannu wurin ba. Sai dai me? Ya koma kira. Ina banɗaki, waya na ruri: "Auta, fitilar ta koma kore." Ina shago: "Auta, fankar ta tsaya." Kafin in kai gida: "Auta, fankar ta tashi." Na ce masa haka take aikinta, ya ce shi dai an ce ya kira, ya kira. Wallahi har na fara tunanin gara zare fulogin.

Da lokacin ƙyanƙyasa ya matso, na shirya zuwa kasuwa in sayo abincin 'yan tsaki da mazubin ruwansu. An kwana ba wuta, batir ya yi ƙasa sosai, sai da safe aka kawo. Na ga jar fitila ta kama, fanka na gudu da ƙarfinta, na ce alhamdu lillahi, na fita. Mama ma tana shirin zuwa duba wata ƙanwarta a asibiti. Na ga tana ɓoye wani abu a bayan zane, amma ina sauri, ban tsaya bincike ba.

Ina shiga kasuwa waya ta fara. Baba. Na ƙi ɗauka. Ta sake, na ce yau kam ko fitilar ta koma shuɗiya ma, ba ruwana. Ta sake, ta sake, har mai sayar da dusa ya ce, "Hajiya, ki ɗauka mana, ko mai gida ne?" Na ce, "Mai gadin caja ne," na kashe ƙarar na jefa ta cikin jaka. Na yi cinikina a tsanake, na tsaya gaisawa da wata tsohuwar ƙawa, motar da na hau kuma ta maƙale a cunkoso. Sai bayan azahar na iso gida.

Tun daga ƙofa na ji warin. Irin warin nan na ƙyalle da aka manta da dutsen guga a kansa. Na yar da buhun na ruga baranda.

Cajar na sanye da riga. Riga sosai, ba yafe ba, an auna an yanka daidai jikinta, da roba a baki ta kama ta tsam, an yi mata adon 'yan tsaki da zare rawaya. Mama ta zuba gwaninta. Ta rufe ramukan nan ruf, sai ɗan wurin da wayoyi suka fito ta ƙasa.

A ƙarƙashin wurin Baba yake, zaune a kan 'yar kujerar tsakar gida, ƙafarsa mai ciwon gwiwa a miƙe. Ya riƙe murfin tukunya da hannu biyu yana yi wa cajar fifita ta ƙasa, yana tura iska ta wannan 'yar kafa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf ta manne a bayansa. Bokitin yashi na tsakanin ƙafafunsa, wayarsa na kan cinya. Bai ko juyo ba.

Na fizge rigar. Ta yi zafi har na kusa sakinta, bayanta ya yi launin ƙasa-ƙasa. Jikin cajar ba ya taɓuwa, amma jar fitilar na nan, fanka na ihu. Na zare fulogi da hannuna, na buɗe taga gaba ɗaya, na duba wayoyin da kawunan batir. Babu abin da ya narke. Na leƙa injin, ɗuminsa na nan daidai.

"Haba Baba! Haba! Ai da ka cire rigar!"

"A jikinta take," ya ce. Muryarsa ta dishe.

"To ka zare fulogin mana! Kai da ka san wuta fiye da kowa!"

"Kin ce ko me na gani."

Takaici ya cika ni, na Mama, na cajar, na karen maƙwabta, na kaina da wayar da ke kwance a jaka. Ga mutumin da ya yi rayuwarsa yana zare fulogin mutane, ya zauna tun safe yana shaƙar warin da ya fi tsana a duniya, soket na nan kusa da kafaɗarsa.

"Na sa a raina in na ga hayaƙi zan karya alƙawarin," ya ce. "Ban gani ba tukuna."

Da cajar ta huce na mayar da fulogin, na zauna a ƙasa kusa da shi. Muna nan zaune har fankar ta rage gudu. Can sai fitilar ta koma kore, fanka ta tsaya cak, ba wanda ya taɓa ta.

Baba ya ƙura mata ido. "Ta kashe kanta?"

"Ta kashe, Baba."

"Hm," ya ce.

A cikin shirun nan muka ji wani ɗan sauti daga injin, siriri, tsiu, tsiu. Na leƙa ta gilashi. Ƙwai ɗaya ya tsage, ɗan baki na turo ɓawo. Na juyo in nuna masa, sai na ga har yanzu murfin tukunyar na hannunsa. Yana so ya ajiye, yatsun sun ƙage a bakin murfin sun ƙi buɗuwa.

Na durƙusa na riƙe hannun, na riƙa ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Bakin murfin ya yi masa shata ja a tafin hannu. Hawaye na zubo mini, ina jin haushinsu su ma.

Ƙofar gida ta buɗe, muka ji takun Mama da sallamarta. Ta tsaya a bakin baranda, ta kalli cajar, ta kalli rigar a yashe a ƙasa.

"Wane ne ya tuɓe ta?"

Baba ya ɗaga hannayensa biyu, ya nuna mata, sannan ya juyo da su wajena.

"Ba ni ba ne," ya ce. "Ni ban taɓa ba. Auta, gaya mata ban taɓa ba."