Mangwaron Kantin Alhaji Lurwanu

Shekarar da tattasai ya yi daraja, har ƴan kasuwar Maiduguri suka riƙa bin manoman bakin kogin Komadugu gona-gona da kuɗi a hannu, Bunu na Gagamari ya gano cewa ashe shi babban mutum ne tun fil'azal, talauci ne kawai ya rufe wa mutane ido. Ya sayi injin ban ruwa. Ya sayi agogon hannu, yana duba shi ko da ladan yana tsakiyar kiran salla. Abu ɗaya ya rage masa: itatuwan mangwaro a gefen gona, irin waɗanda yake gani a lambunan manyan ma'aikata, inda mutum zai shimfiɗa tabarma ya karɓi gaisuwa.

Samun dashe kuwa ba wahala ba ce, don yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, Ya Fanna, sana'arta ke nan a cikin garin Diffa. A bayan ɗakinta take rainon mangwaro da lemo da gwaiba cikin gwangwanayen tumatir, ita take yi musu aure da hannunta, wato ta haɗa reshen wani iri a jikin wani ta ɗaure, ranar Talata ta kai kasuwa ta jera a ƙasa. Da ta ji labarin niyyarsa ta aika masa cewa ya zo ya zaɓa, kuɗin sabulu kawai zai ba ta.

Bunu ya ce da ɗan aiken, "Ka gaishe ta. Ka ce mata mangwaron gwangwani na masu gwangwani ne."

Shi kantin Alhaji Lurwanu ya nufa. Wannan Alhaji Badamagare ne, siminti da kwano yake sayarwa tun zuwansa garin, sai ya lura ma'aikatan da ake turowa daga Yamai suna son fure a ƙofar gida. Ya kewaye filin da ke gefen kantinsa da waya, ya kafa rumfa, ya sa aka rubuta allo da Faransanci. A ciki kowane dashe yana zaune cikin baƙar leda, an rataya masa suna a wuya kamar ɗan lekol, wato ɗan makarantar boko. Butar ban ruwan da ake sayarwa a bakin kasuwa, a nan an shafa mata koren fenti, kuɗinta ya ninka.

Bunu ya shiga da sabuwar riga, ya nuna wani dashen mangwaro da hannun da agogon yake, ya tambayi kuɗi.

"Dala ɗari uku," in ji Alhaji, dalar sefa ke nan.

Bunu ya ji kamar an zuba masa ruwan randa a ƙeya. A kasuwa dala hamsin ake sayarwa, har a yi maka gyara. Ya buɗe baki zai yi salati, sai ya hangi wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, a gefe yana biyan kuɗin fure ba tare da ya ce uffan ba. Ya haɗiye salatin.

"Ba laifi," ya ce. "Amma daga ina irin ya fito?"

Alhaji ya waiga dama, ya waiga hagu, ya rage murya. "Malam Bunu, wannan ba kowa ake faɗa wa ba. Kai dai ka dubi ganyen."

Bunu ya dubi ganyen. Lallai kore ne. Ya cika bayan motar haya da dashe, ya haɗa da koriyar buta, aka rako shi har bakin titi ana ce masa Alhaji, shi da ko Ngigmi bai taɓa wucewa ba.

Duk wanda ya ratsa ta gonarsa a watan nan sai da ya sha bayani. Yau irin daga Masar ne, gobe daga Abijan. Baƙaƙen ledojin ma bai zubar ba, ya wanke su ya shanya a kan darni inda kowa zai gani.

Ana nan sai matarsa Mairo ta haihu, Ya Fanna ta zo suna. Bayan an ci an sha, Bunu ya ga bai kamata yayarsa ta koma gida cikin jahilci ba, ya ja ta zuwa gona ta ga yadda itacen gaske yake. Ta tsuguna gaban na farko, ta daɗe tana kallon wurin da aka yi masa aure. An ɗaure gaɓar da wani tsumma shuɗi mai ɗigon fari. Ta matsa ga na biyu, ta matsa ga na uku.

"Bunu, wannan ai zanena ne."

"Wane zane?"

"Wanda na ɗaura ranar aurenka. Da ya tsufa na yayyage shi ina ɗaure dashe. Ga ma ƙullina."

Ta zauna daɓas a kan kunya tana dariya har tana share hawaye da bakin mayafi. Ta ce duk ranar Litinin da la'asar wani mai amalanke yakan zo ya kwashe mata mafi kyawun dashen kafin kasuwa ta ci, a farashin sari, ita kuwa har addu'a take bin sa da ita. Bunu ya tsaya yana duba agogo, ko da yake ba inda za shi.

"To nawa ka sayi mangwaron Masar ɗin?" ta tambaya tana haki.

Da ya yi shiru da ya tsira. Amma mutum ba ya biyan kuɗi irin wannan don ya ɓoye. Ya faɗa mata.

Dariyar ta ɗauke kamar an kashe inji. Ko sallama ba ta yi wa mai jego ba.

Washegari ta dira a kantin, ta tsaya tsakiyar furanni ta faɗa wa Alhaji Lurwanu abin da ke ranta, rabi da Hausa, rabi da Barbarci inda Hausar ta gaza. Alhaji ya saurare ta yana jan carbi.

"Hajja, ban cuce ki ba. Ke itace kika sayar mini, na biya. Ni kuwa leda nake sayarwa, da rumfa, da allo. Akwai masu so, ƙanenki ma shaida ne."

Ranar Talata Ya Fanna ta jera gwangwanayenta ta sa musu kuɗin kanti. Sauran mata masu dashe suka ji dalili, su ma suka bi sahu, don ba wadda ta yarda ita ce wawuyar kasuwa. Manoman da suka taso tun daga Baruwa da Tumur suka tambayi kuɗi, suka riƙe baki. Kowace suka yi wa ƙorafi sai ta ce, "Ku je ku tambayi Bunu na Gagamari." Suka koma hannu wofi suna ambaton sunansa, ba da alheri ba. Shi kuwa Alhaji ko a jikinsa. Ya tura mai amalankensa ƙetaren kogi, ya samo wata tsohuwa a Damasak wadda labari bai kai mata ba tukuna.

Dashen Ya Fanna ya yi kwantai, saiwoyi suka fara fasa gwangwani. Wata safiya Bunu yana tayar da inji sai ya ga amalanke biyu sun nufo gonarsa, kamar daji ya taso yana tafiya, yayarsa zaune a saman na gaba.

"Kai ka ɓata mini kasuwa," ta ce tun kafin ta sauko. "Kai ne kuma kaɗai a ƙasar nan ka san darajar kaya. Ga su nan. Kuɗin kanti."

"Haba Ya Fanna, a gwangwani fa suke. Ki rage wani abu."

"A kanti ka nemi ragi?"

Ya waiga neman mai ceto, bai ga kowa ba sai maƙwabtansa da suka jingina da fartanya suna jiran su ji amsa. Ya biya.

Dashen ya yi masa yawa, dole ya cinye kusan rabin filin tattasai. Kafin damina ta faɗi kasuwar Talata ta koma yadda take a da, ba wanda ya ƙara tayar da zancen sai in an ga Bunu. Itatuwan dai sun kama, sun yi ƴaƴa masu zaƙi. Duk shekara idan suka nuna, Ya Fanna takan zo da kwandunanta ta tsinka ta kai kasuwa, ba ta biyan ko dala. Ta ce ƴaƴanta take ziyarta.